Tudu ko kwari: wahalar zaɓen filin gida a Boɗinga da Shagari

Duk wanda ya saba bin hanyar Sakkwato zuwa Jega a ranakun Asabar da Lahadi cikin rani ya san abin da za mu faɗa. Da an bar gari an miƙi hanyar Boɗinga, sai ka hangi mota a fake gefen titi, mutum uku ko huɗu tsaye cikin gonar da aka girbe. Ɗaya na riƙe da igiyar awo, ɗaya na nuni da hannu gabas da yamma.

Mai nunin dillali ne. Mai saye kuwa, da babbar rigarsa, ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa da zaman haya ya ishe shi, ko ɗan asalin yankin da ke Abuja ko Legas, yana son ya kafa gida na kansa a garinsu, a kan tsarin da ransa yake so. Ƙasa ta bushe ƙamas, kara na tsaye, can nesa ga wani jan tudu mai shimfiɗaɗɗen kai.

Tambayoyi uku ake yi kusan kullum: nawa ne, taku nawa ne zuwa titi, akwai takarda? Ta huɗun ce ba kasafai ake jin ta ba, wato ina ruwa yake bi in ya gangaro daga wancan tudun? Ko an yi ta ma amsar tana bakin dillali: ranka shi daɗe, nan ruwa ba ya kwana. Sau da yawa kuma bai yi ƙarya ba. Ruwan wucewa yake yi, sai dai yana wucewa da abin da ya tarar a gabansa.

Rububin fili ya fito bayan gari

Birnin Sakkwato ya daɗe da cika. Ta arewa gulbi da fadamarsa sun tare shi, don haka faɗaɗar ta bi manyan hanyoyin da suka fita ta sauran ɓangarori. Filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da Jami'ar Jihar Sakkwato duk suna shiyyar da ke kallon Boɗinga, kuma inda hukuma ta kafa babban abu, nan masu fili suke bi.

Boɗinga tafiyar kamar rabin awa ce daga birni, mutum na iya kwana can ya yi sammakon ofis. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar tana da mutum kimanin 175,000, Shagari kuma sama da 150,000. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, amma yaran da aka ƙirga a goye a wancan karon su ne yau ke neman inda za su ajiye iyali.

Ga kuma matsalar tsaro a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, wadda ta turo mutane da dama zuwa birni da kewayensa. Duk wanda ya zo da ɗan abin hannunsa, fili yake fara nema.

A Shagari lamarin ya ɗan bambanta. Ta fi nisa, saboda haka masu gini a can galibi 'yan gida ne da Allah ya buɗa wa a waje. Garin ya san wannan al'adar sarai: Alhaji Shehu Shagari ya mulki Najeriya daga 1979 zuwa 1983, amma da ya rasu a Disambar 2018 mahaifarsa aka kai shi aka rufe. Mutumin ƙasar nan, komai nisan da ya yi, yana son a ce ga gidansa a garinsu.

Ƙasa uku a gona ɗaya

Babu manyan duwatsu irin na Jos ko Mambila a nan. Abin da ke akwai tuddai ne marasa tsawo sosai, kansu a baje, an lulluɓe su da marmara mai tauri, ƙarƙashinta kuma yashi ne da laka masu saurin zaizayewa. Tsakanin tuddan akwai jigawa, akwai fako, akwai kwari da fadama.

Masana ilimin ƙasa sun ce yankin Sakkwato ɓangare ne na wani babban kwari da ya miƙe har cikin Nijar da Mali, wanda teku ta taɓa rufewa miliyoyin shekaru da suka wuce. Shimfiɗun ƙasar wannan kwari sun samu sunayen garuruwanmu: akwai na Gwandu, na Kalambaina da na Dange. Farar ƙasar Kalambaina ce ake sarrafawa ta zama simintin da ake wannan ginin da shi. A shimfiɗar Dange kuwa akwai laka mai shan ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke.

Amfanin wannan bayani ga mai gini ɗaya ne. A gona guda ana iya samun marmara a kusurwar gabas, rairayi a tsakiya, laka a kusurwar yamma, kuma dillali zai yanka ta fuloti-fuloti ya sa musu kuɗi ɗaya. Kowane kuma da irin harsashin da yake buƙata.

Sai ruwan sama. Yankin na samun abin da bai wuce milimita 600 zuwa 700 ba a shekara, wanda kaɗan ne in aka kwatanta da kudu. Amma kusan dukansa cikin wata huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta, kuma kamar da bakin ƙwarya. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ruwan milimita 50, wanda yana iya sauka a dare guda, zai zubo lita 10,000 daga rufin gida mai faɗin murabba'in mita 200. Duro hamsin ke nan daga gida ɗaya. A kan hekta ɗaya ta marmarar da ba ta shan ruwa, lissafin ya kai lita 500,000, kuma mafi yawansa gangarowa zai yi.

Magabata sun kalli ƙasa kafin su kafa

Wannan yanki ba baƙo ba ne ga sha'anin zaɓen mazauni. A 1809 Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a kan tudu mai kallon mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato: ruwa da fadama suna kusa, gari kuma yana sama da su. Ba da jimawa ba Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya baro Gwandu ya zauna Sifawa, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi a Boɗinga ya zauna a wannan tsakanin.

Shi Malam Abdullahin ya rubuta littafi a kan ƙasa, Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasar da ba ta da mai ita, da hurumin da ake bar wa gari da rijiya da makiyaya. Shekara ɗari biyu da suka wuce ana koyar da cewa ba duk sarari ne na gini ba. Abin kunya ne a ce a garin da marubucin ya zauna ake yanka burtali ana sayarwa.

Tsofaffin unguwanni ma shaida ne. In ka lura da ƙauyukan yankin, daga Dingyaɗi zuwa Kajiji, za ka ga tsohon gari galibi yana inda ƙasa ta ɗan ɗaga, gonaki da lambuna suna ƙasa. Wurin da kakanni suka bari ba gini shekara da shekaru, alhali yana dab da gari, akwai dalilin barinsa. Sabbin fuloti kuwa sau da yawa a nan suke faɗawa, domin nan ne sararin da ya rage.

Kan tudu: iska da daɗi, aljihu da kuka

Masu hali sun fara sha'awar kan tudu, wataƙila don sun ga yadda ake yi a unguwannin Asokoro da Maitama na Abuja. Suna da hujja. Marmara na ɗaukar nauyin gini ba tare da ta nitse ba, ruwa ba ya taruwa, sauro ya fi sauƙi, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iskar dare ta kan tudu ni'ima ce.

Kuɗin da ba a lissafa ba yana fitowa ne ranar da aka fara haƙa. Leburan da zai gama ramin harsashi a jigawa cikin kwana biyu zai yi mako yana fama da diga a marmara, kuma ladansa ba ɗaya ba ne. Ramin masai da na ruwan wanka sun fi wuya, don ko an haƙa su ƙasar ba ta tsotsewa. Tifar yashi da tankar ruwa sai sun samu hanyar hawa, in babu kai za ka yi ta. Rijiya kuwa, duk tsawon tudun sai an ƙara shi a kan zurfin da maƙwabtan ƙasa suka haƙa.

Iskar da ake yabo ita ce kuma ke kware rufi. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da guguwa, gidan da ke tsaye shi kaɗai a sama ba shi da abin da zai kare shi. Dole a ɗaure katakon rufi da rodi a jikin linta, a kuma sa ƙarfen kariya daga tsawa.

Babban haɗarin kan tudu yana bakinsa. Marmarar ɓawo ce kawai, wani wuri ba ta fi 'yan mitoci kauri ba. Ruwa na cinye ƙasa mai laushi da ke ƙarƙashinta ta gefe, sai ɓawon ya rasa madogara ya ɓalle. Manyan duwatsun da ake gani zube a gangaren tuddan nan daga sama suka faɗo. Mai son ya gina ɗakin hutawa a daidai baki don ya riƙa hangen gari, ya fara sauka ƙasa ya ɗaga kai ya ga abin da ke riƙe da bakin.

Gangare da gindin tudu

Nan ne mafi yawan asarar take, kuma nan ne fili ya fi kyan gani.

A gangare, abin da magina suka saba yi shi ne su yanke ƙasar sama su cike ta ƙasa don fili ya daidaita. Sai rabin gida ya zauna a kan ƙasa ta asali, rabi a kan ciko. In ba a daddaɓe cikon hawa-hawa ba, damina biyu ko uku sun isa ya zauna, bango ya tsage daga linta har ƙasa a daidai inda ƙasashen biyu suka haɗu. Maganin sananne ne: harsashi ya sauka har ƙasa ta asali ko'ina, a yi shi mataki-mataki yana bin gangaren, a gina katangar tokare ƙasa mai ƙofofin fitar ruwa. Duk wannan kuɗi ne da ya kamata a cire daga farashin filin tun wajen ciniki.

Katangar gida ma tana zama tarko. Mutum ya zagaye filinsa da bulo mai inci shida, ya tare gangare daga wannan gefe zuwa wancan, bai bar wa ruwa ƙofa ba. Ya gina madatsa ke nan bai sani ba. Ruwa ya taru a bayanta cikin dare, ta kife, wani lokaci a kan ɗakin da yara ke barci.

Gindin tudu kuwa shimfiɗe yake, ga rairayi mai laushi, haƙa ba wuya, mai saye ya ga kamar ya yi tsintuwa. Bai tambayi kansa wa ya kawo rairayin ya baje shi haka ba. Ruwa ne, kuma zai dawo.

Ko a cikin rani ƙasa tana faɗin gaskiya ga mai lura. Zirin farin yashi da ya ratsa gona hanyar ruwa ce. Tarkacen kara da leda da suka maƙale a jikin sabara ko geza suna nuna iya tsawon da ruwa ya kai. Saiwar itace da ta fito fili tana nuna yawan ƙasar da ta tafi. Inda jema ta yi yawa akwai damshi a ƙasa. Suri kuma gargaɗi ne cewa sai an yi maganin gara kafin a zuba daɓe.

Sai kwazazzabo. Mutane na auna nisansa da filinsu su ce ai da saura, sun manta cewa ba tsaye yake ba. Kansa yana ci ne yana hawa sama, wajen da ruwan ke fitowa, kowace damina ya ƙara gaba, gefunansa kuma suna zubewa. Ƙaramar hanyar shanu ko sawun tifa na iya zama mafarinsa. Saran itace don girki ya tuɓe tuddai da yawa, masu ɗibar marmara da yashi suna barin ramuka, kwalbatin titi kuma tana tattara ruwan wuri mai faɗi ta watsa shi a gona guda. Filin da ke fuskantar bakin kwalbati, komai arharsa, a bar shi ga mai shuka.

Akwai wani abu da ko mai lura yana iya mantawa da shi. Ruwan da ke bi ta filinka bana ba shi ne zai bi nan da shekara goma ba. Yau gonaki ne a samanka, suna shanye wani kaso. Gobe gidaje ne, kowanne da rufin kwano da tsakar gida mai siminti, kowanne na turo nasa duro hamsin ɗin. Wanda ya riga kowa gini a ƙasa shi zai karɓi ruwan duk waɗanda suka zo bayansa.

Duniya ta ga ƙarshen irin wannan sakaci. A Agustan 2017 gefen dutse ya zaftare a bayan birnin Firitawun na Saliyo, inda aka sare daji aka yi gine-gine a gangare, mutum sama da 1,000 suka mutu ko suka ɓace. A ƙarshen Mayun 2025 ruwan dare ɗaya ya share unguwanni a Mokwa ta Jihar Neja, ya kashe fiye da mutum 150. Tuddanmu ba su kai waɗancan ba, amma ɗabi'ar ruwa ɗaya ce.

Fadama da tsohon kududdufi

Kan fadama ba sai an tsawaita ba. Mutanen Sakkwato ba su manta da ambaliyar Satumbar 2010 ba, wadda ta cinye ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima ta kuma yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ƙasar da ke ba da albasa da shinkafa ta yi aikinta, kada a ɗora mata gida. Baƙar lakarta na dararrabewa da rani ta kumbura da damina, ginin da ke kanta yana motsi sau biyu a shekara.

A Shagari akwai madatsar ruwa da jama'a ke noman rani da kamun kifi a kanta. Bakin ruwan da ake gani a watan Maris ba shi ne bakinsa na Satumba ba, kuma masu sha'awar fili a ƙasan kowace madatsa su tuna da abin da fashewar ta Alau ta yi wa Maiduguri a Satumbar 2024.

Wanda ya fi yaudara shi ne tsohon kududdufi a cikin gari. An ɗebi ƙasar gini a wurin shekaru aru-aru, ya zama matattarar ruwan unguwa, daga baya aka cike shi da shara aka rufe da jar ƙasa. Mai saye ya samu fili a tsakiyar gari, ga wuta ga maƙwabta. Sharar tana ruɓewa gini yana nitsewa, ruwan unguwar da aka hana masauki kuma ya shiga ɗakunan mutane. Mazauna Mabera a cikin birni sun san abin da rashin mafitar ruwa ke jawowa.

Gwajin farko ba ya buƙatar injiniya. A nemi izinin mai fili a haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya da rabi a kusurwa biyu ko uku, a ga abin da zai fito: leda da tsumma, ko laka mai danƙo, ko tsakuwa. A cika ramin da ruwa a dawo washegari. Mai niyyar bene kuwa ya kira masana su gwada ƙasar. A lokacin da buhun siminti ya taɓa haura naira 10,000 a wasu wurare cikin 2024, kuɗin gwaji bai kai na gyaran bango ɗaya ba.

Haka batun ruwan sha. Maƙwabta za su gaya maka gaba nawa rijiyarsu take, ko tana ƙafewa da bazara, ko ruwanta na da zartsi. Matan unguwa da 'yan ga-ruwa sun fi kowa sanin wannan. A kuma tsara tun farko rijiya ta kasance ta sama, masai ta ƙasa, da tazarar da ta kai kamar mita 30. A fuloti mai ƙafa hamsin da ɗari da wuya wannan ya yiwu sai an yi shawara da maƙwabci.

Takarda: sa hannun mai unguwa bai isa ba

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A wuraren da aka ayyana birni, gwamna ne ke ba da haƙƙin zama. A karkara ƙaramar hukuma na ba da haƙƙin gargajiya. Abin da mutum ke saye haƙƙin amfani ne, kuma hukuma na iya karɓe shi don amfanin jama'a ta biya diyya. Filayen da ke tsakanin birni da Boɗinga suna daidai inda karkara ke rikiɗewa ta zama birni, shi ya sa rikicinsu ya fi yawa.

Yawancin abin da ake sayarwa awon igiya ne: mai gona da dillali sun yanka, an rubuta takardar ciniki, mai unguwa ko hakimi ya sa hannu, wani lokaci har uban ƙasa. Wannan shaida ce mai amfani cewa an yi ciniki, kuma su ne suka san tarihin gonar. Amma ba ta nuna ko gwamnati ta riga ta ware wurin don wani aiki ba. Wannan sai an je ma'aikatar filaye da hukumar SOGIS mai ajiye bayanan filaye, sannan a kai zanen gini hukumar tsara birane ta jiha ta amince kafin a aza bulo.

Gonar gado ita ce ramin da aka fi faɗawa. Babban wa ya sayar, ƙanne mata ba su sani ba, wani ɗan'uwan yana ci-rani. Shekara biyar bayan an tare, sai ga sammaci daga kotun shari'a. In ba a raba gado ba, sai dukan magada ko wakilansu na gaskiya sun sa hannu. A mazhabar Malikiyya ma abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi kason. Malamin unguwa zai yi maka wannan bayanin kyauta, in ka tambaya kafin ka biya.

Kusanci da titi, wanda shi ke ƙara wa fili kuɗi, yana da nasa sharaɗin. Hanyar Sakkwato zuwa Jega ta tarayya ce, kuma hurumin irinta ya kai kimanin mita 45 kowane gefe daga tsakiyar titi. Ranar da aka tashi faɗaɗawa, abin da ke ciki ya tafi. Ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki haramtacce ne, kusa da filin jirgi akwai iyakar tsawon gini. Burtali, maƙabarta, filin idi da filin makaranta kuwa, wanda ya saye su ya sayi rigima da gari guda.

Kowa da abin da yake gani

Dillalai na cewa su masu haɗa ciniki ne, la'ada kawai suke ci, kuma ba su taɓa hana kowa zuwa ya duba fili da damina ba. Masu saye ne ke gaggawa, wai kada wani ya riga su. Akwai gaskiya a nan. Sai dai dillalin da ya tashi a garin ya san inda ruwa ke bi tun yana yaro, shirunsa ba na rashin sani ba ne.

Manoman da ke sayarwa suna da nasu uzurin. Taki ya yi tsada, gonar ta gaji, ga aurar da 'ya'ya, ga kuɗin da ba su taɓa riƙe irinsa ba. Kuma mai hankali ba ya fara sayar da gonarsa mai kyau, wadda ruwa ke ci yake fara rabuwa da ita. Mai saye ya riƙe wannan a ransa.

Magina sun fi kowa ƙorafi. Sukan ce in suka nemi a ƙara zurfin harsashi ko a ɗaga daɓe sama da titi, sai maigida ya zaci cuta ce, amma bai ƙi kashe ninkin kuɗin a tayil da fenti da ƙofar ƙarfe mai ado ba. In bango ya tsage kuma sunan magini ne ke ɓaci.

Jami'an tsara gari kan ce jama'a na gini ba izini, sai ɓarna ta auku a nemi gwamnati. Jama'a kuma na cewa neman izinin ya cika tsawo da kashe kuɗi, filayen da gwamnati ta tsara ba sa isa, kuma ba kowa ke samu ba.

A ganina nauyin ya fi karkata ga hukuma. Mutum ɗaya ba zai iya tsara magudanar ruwan unguwa ba, komai kuɗinsa. Hukumomin NiMet da NIHSA na fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara, akwai kuma shirin ACReSAL mai tallafin Bankin Duniya da ke aikin farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Amma gyaran kwazazzabo bayan ya ci gidaje ya ninka kuɗin hana gini a bakinsa. Abin da Boɗinga da Shagari ke buƙata shi ne a riga igiyar dillali isa gona: a fitar da hanyoyin ruwa, a kafa musu alama, a bar su sarari, a dasa itatuwa a kan tuddai, sannan a yanka abin da ya rage. Yanzu ne hakan ke da sauƙi, tun gonakin suna gonaki.

Maƙwabci, rana da alƙibla

Malamai kan ce a nemi maƙwabci kafin gida, kuma halin tsaron da ake ciki ya ƙara wa maganar nauyi. Gidan da ya fi kowane kyau, shi kaɗai a kan tudu, nesa da masallaci da jama'a, yana kiran idon da ba a so. Gara fili matsakaici a cikin mutane. A duba kuma ko mota za ta iya kaiwa ƙofar gida a tsakiyar damina, domin naƙuda ba ta jiran hanya ta bushe.

Siffar filin ma tana da tasiri a kan irin gidan da zai ɗauka. Wanda ya ba da damar dogayen bangaye su kalli kudu da arewa ya fi sanyi, don ranar yamma ba za ta gasa ɗakunan kwana ba. Bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, magina na gargajiya sun daɗe da sanin haka, suna ƙara masa yaɓe. Sai a bar wurin zaure da turaka da tsakar gida, a kauce wa fuskantar da bayi ga alƙibla, a dasa dogon yaro nesa kaɗan da bango saboda saiwarsa.

Ga mai niyyar saye bana, shawarar ba ta da tsada. Ka ga filin da rani in ka so, amma kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka koma cikin Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka taka shi da ƙafarka tun daga kan tudun da ke samansa har inda ruwan ya ƙare. Ka tafi da magininka, ka kuma nemi dattijon da ya noma gonar da ke maƙwabtaka da ita ka gaishe shi ka yi tambaya. In mai fili ya ce ba zai iya jira har damina ba, ka bar masa abinsa ka nemi wani.